Likitan da Ba a Ganin Fuskarsa: Jawabi ga Iyaye da Matasan Ƙungiyarmu a Ingila

Assalamu alaikum warahmatullah.

Mai girma Shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa, da ku matasa da kuka maƙale can kujerun baya, ina yi muku barka da zuwa. Sakatare ya ba ni minti goma in yi bayanin aikina na likitan hoto, wato mai karanta hotunan cikin jiki. Na ce masa ya yi mini adalci, domin gwaggona na shekara goma ina yi mata wannan bayani, har yau in aka tambaye ta sai ta ce ɗan ƙaninta ya gama karatun likita amma ya koma ɗaukar hoto.

To, ba ni ke ɗauka ba. Duk wanda aka taɓa tura shi cikin na'urar CT ko MRI a cikinku, wanda ya kwantar da shi, ya ce kada ya motsa, ma'aikacin ɗaukar hoto ne, kuma shi ma sana'arsa ce mai zaman kanta, digiri ne na shekara uku a ƙasar nan. Hoton yana fita sai ya zo wurinmu, cikin wani ɗaki mai ɗan duhu, mu duba mu rubuta abin da muka gani: jini ne ya zuba, ko jijiya ce ta toshe, ko ƙari ne, ko kuwa babu komai sai alamun shekaru. Da wannan rubutu likitan da kuka sani yake zuwa ya yi muku magana. Ana yi masa godiya, a yi masa addu'a, mu kuwa ko sunanmu ba a sani ba. Ba ƙorafi nake yi ba, mun saba.

Fanninmu ƙwaƙwalwa ce da laka, da abin da ke cikin kai da wuya. Kuma idan kuka duba waɗanda suka kafa shi, za ku ga ba ta ƙofa ɗaya suka shigo ba. Wannan shi ne abin da na fi so iyaye su ji.

A 1895 Röntgen ya gano hasken eksire a Jamus, shi kuma masanin kimiyyar fiziks ne, ba likita ba. Sai dai hasken nasa ƙashi yake nunawa. Ƙoƙon kai ya fito sarai, abin da ke ciki kuwa shiru. Saboda haka a 1918 da 1919 wani likitan tiyata a Amurka, Walter Dandy, ya fito da dabarar zuƙe ruwan da ke zagaye da ƙwaƙwalwa a ɗura iska a madadinsa, don a samu inuwar da za a karanta. Majinyaci yakan kwana da ciwon kai mai tsanani da amai. Haka aka yi ta yi shekara hamsin, don babu wata hanya. A 1927 kuma Egas Moniz na Fotugal, wanda har ministan harkokin waje ya taɓa yi, ya zuba rini a jijiyar wuya ya ɗauki hoton hanyoyin jini na cikin kai. Ciwon gaɓɓai ya nakasa masa hannuwa, don haka wani matashin likitan tiyata, Almeida Lima, shi ke yi masa allurar.

Wanda ya kawo ƙarshen azabar ɗura iska injiniya ne, Godfrey Hounsfield, ma'aikacin kamfanin EMI, wanda aka fi sani da faya-fayan kiɗa. Ya koyi aikin lantarki da na'urar hangen jirage a rundunar sojan sama lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, kuma bai da digirin jami'a. Shi ya haɗa na'urar CT. Ranar 1 ga Oktoba, 1971, a asibitin Atkinson Morley da ke Landan, shi da likitan hoto James Ambrose suka duba kan wata mata, suka ga ƙullutun da ke ɓoye a ƙwaƙwalwarta ba tare da an tsaga ba. Ya karɓi kyautar Nobel a 1979 tare da Allan Cormack. Har gobe da sunan Hounsfield muke auna kaurin abin da muka gani: ruwa sifili, iska dubu ƙasa da sifili, sabon jini kuwa yakan fito fari-fari a tsakanin toka-tokar ƙwaƙwalwa. MRI ma haka tarihinta yake. Cikin waɗanda suka kafa ta, Paul Lauterbur masanin sinadarai ne. Peter Mansfield kuwa ya bar makaranta yana ɗan shekara 15, ya yi aiki a maɗaba'a, ya koma karatun yamma, ya ƙare yana farfesa a Nottingham. Su biyun suka raba Nobel a 2003.

Na kawo waɗannan sunaye ne saboda wata magana da nake yawan ji a gidajenmu: yaro ya ce lissafi ko kwamfuta yake so, uba ya ce ko likita ko babu. Ranka ya daɗe, a sashenmu akwai masanan fiziks da ke kula da ƙarfin haske da lafiyar maganaɗisun na'urar MRI, akwai injiniyoyi, akwai masu rubuta manhaja. In babu su, mu likitocin sai mu zauna mu zuba tagumi.

Yanzu ga wanda ya ce shi dai likitan yake son zama, bari in ƙirga masa shekarun, kada ya ce ba a faɗa masa ba. A nan Ingila, makarantar likita shekara biyar ce ko shida. Sannan shekara biyu na zagayen sassa a asibiti. Sannan a nemi gurbin horon likitan hoto, kuma gasa ce mai zafi, ba kowa ke samu a karon farko ba. Horon shekara biyar ne. A shekarar farko akwai jarrabawar fiziks da ta sanin sassan jiki, matakin farko ke nan na FRCR, jarrabawar ƙwarewa ta likitocin hoto, kuma nan ne masu gudun lissafi suke gane cewa ya biyo su har gida. Shekaru uku na farko ana koyon jiki duka, daga ƙirji zuwa ƙafa, sai a ƙarshe mutum ya karkata zuwa ƙwaƙwalwa. Wanda ya fara yana ɗan 18, in komai ya tafi daidai, sai ya kai 30 kafin ya zama cikakken ƙwararre. A Amurka ta fi tsawo: digirin farko huɗu, makarantar likita huɗu, shekara ɗaya ta gwaji, huɗu na horo, sannan ɗaya ko biyu na ƙwarewa a ƙwaƙwalwa. 'Yan'uwanmu da suka zo da takardar likita daga wata ƙasa kuwa, yawanci sai sun ci jarrabawar samun izinin aiki, PLAB a nan ko USMLE a Amurka. Na ga magidanta masu furfura suna zama aji ɗaya da sa'o'in ƙannensu. Ba kasawa ba ce, tsarin ne haka.

Akwai reshe guda da nake so in ɗan tsaya a kansa, domin ya sauya aikin gaba ɗaya. Wasu daga cikinmu ba karanta hoto kaɗai suke yi ba, da hoton suke yin magani. Ana ƙara musu shekara a kan horo. Idan gudan jini ya toshe babbar jijiya a kai, abin da ke kawo shanyewar ɓarin jiki, sai su zura siririyar roba ta matsematsi ko ta wuyan hannu, su bi hanyar jini suna kallon allo har cikin kai, su jawo gudan waje. Tun 2015, lokacin da wani babban gwaji da aka yi a Holan da wasu da suka biyo bayansa suka tabbatar da amfanin haka, wannan aiki ya zama ruwan dare a manyan asibitoci. An ƙiyasta cewa a irin wannan toshewa mutum na asarar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Shi ya sa wayar waɗannan likitoci ba ta mutuwa, kuma ƙarfe uku na dare ba baƙon lokaci ba ne a wurinsu. A wasu ƙasashe likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da na cututtukan jijiya ma suna shigowa wannan reshe. Kuma tunda maganar ta zo, iyayenmu, in kun ga bakin mutum ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ce a bari ya ɗan kwanta ya huta. A kira motar asibiti nan take.

Wane irin yaro ne aikin zai karɓa? Mai haƙuri da natsuwa, wanda zai iya duba ɗaruruwan yanka na hoto ɗaya bayan ɗaya, bai gaji ya ce ai duk ɗaya ne ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To mu idon ne jarinmu, kuma shekaru ake yi ana wasa shi. Sai kuma mai iya rubutu gajere a fili, don likitan da ke jiran rahotonka a tsaye yake. Sai mai iya cewa "na yi kuskure". Wannan na ƙarshen shi ya fi wuya. A farkon aikina na taɓa tsallake wani ɗan siririn jini a gefen hoto, hankalina ya tafi kan babban abin da ke tsakiya. Wata babbata ce ta gano shi da safe, Allah Ya taimaka majinyacin bai cutu ba. Kuskurenmu ba ya gogewa, hoton na nan a ajiye, kowa na iya buɗewa bayan shekara goma ya ga abin da ka tsallake. Tun ranar, daga gefe nake fara dubawa.

Na san wani daga baya zai tambaye ni batun ƙirƙirarriyar basira. A 2016 Geoffrey Hinton, ɗaya daga cikin jigoginta, ya ce a daina horar da likitocin hoto domin kwamfuta za ta karɓe aikin nan da 'yan shekaru. Shekarun sun wuce, kuma abin da asibitoci ke kuka da shi a ƙasar nan shi ne ƙarancinmu. Manhajar na taimakawa, takan ɗaga hannu ta ce ga jini nan, a duba wannan da wuri. Amma ba ta san cewa matar nan an yi mata tiyata bara ba, kuma ba ita ke sa hannu a takarda ba. Wanda zai shigo yanzu ya koyi aiki da ita, shi ke nan.

Shugaba ya fara kallon agogo. Matasan da ke shirin neman jami'a, makarantun likita suna son ganin cewa kun taɓa leƙa asibiti kun ga yadda ake aiki, kuma a nan ne yaranmu ke yawan makara don ba su san wanda za su tambaya ba. Na bar takarda a wurin Sakatare. Duk mai so ya rubuta sunansa da ajinsu kafin mu tashi, zan nuna masa yadda ake neman izini. Iyaye kuma, don Allah a bar yaran su rubuta da hannunsu.

Na gode. Wassalamu alaikum.