Takardar da 'Yata Ta Kasa Cikewa: Jawabi ga Iyayen Ƙungiyarmu a Maryland

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe shugaba, dattawanmu, iyayenmu mata, da ku samari da 'yammata da na hango kun taru can baya kusa da ƙofa, barkanmu da zuwa. Matan da suka wuni a kan tukunya saboda wannan taro, Allah ya saka muku da alheri. Minti goma aka ba ni, kuma a kan wata takarda guda zan ƙarar da su.

Shekara biyu da suka wuce, 'yata ta fari tana aji goma, ta dawo daga makaranta da ambulan. Makinta ya kai, an gayyace ta ta nemi shiga National Honor Society, wato ƙungiyar karrama zaƙaƙuran ɗaliban sakandare ta Amurka. Don murna har waya na buga gida na gaya wa kakarta. Cikin dare na fito shan ruwa, na tarar da ita a teburin kicin, fom a gabanta, biro a hannu. Ta rubuta suna da aji, ta tsaya. Shafi na biyu yana tambayar aikin taimakon jama'a da ta taɓa yi, da inda ta taɓa jagorantar wasu. Layukan fari fat. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, me zan rubuta? Ai kai ka ce da an tashi in dawo gida."

Ba su ɗauke ta ba a shekarar. Kuma gaskiyarta, ni na kafa dokar. Na ɗauka idan yaro ya kawo maki mai kyau ya gama nasa, sauran duk ɓata lokaci ne.

Daga baya na zauna na bi kadin abin. Ƙungiyar shugabannin makarantun sakandare ta ƙasar nan ce ta kafa National Honor Society a 1921, bisa jagorancin Edward Rynearson, shugaban wata makaranta a Pittsburgh. A 1929 aka yi ta ƙanana, ta 'yan makarantar tsakiya. Ita ta manyan, tun farko a kan abu huɗu suka gina ta: ilimi, hidima, jagoranci da halin kirki. Ana ɗaukar 'yan aji 10 zuwa 12. Mafi ƙarancin maki shi ne 3.0 cikin 4.0, kuma makarantu da dama suna ɗaga shi sama da haka. To amma makin iyakarsa ya kai yaro bakin ƙofa. Malamai biyar ne da shugaban makaranta ya naɗa suke zama su duba ragowar ukun, su ce a shiga ko a dakata. A nan 'ya'yanmu suke faɗuwa, yara masu kai, masu ladabi, waɗanda malamansu ba su taɓa ganinsu a ko'ina ba sai a kan kujerar aji.

Bari in ɗan ratsa kaɗan, don na san wasiƙu suna shigowa gidajenku. Akwai masu aiko da takarda mai tambarin zinariya, su ce an zaɓi ɗanka, ka biya kuɗi ya zama mamba. Wadda nake magana a kai ta hannun makarantar yaro take zuwa, kuma malaminsa ya san da ita. Kafin ka zaro kati, je ka tambayi mai ba ɗalibai shawara a makarantar.

Mu da ke Maryland ma abin ya wuce na neman karramawa. Dokar jihar nan ta ce sai ɗalibin makarantar gwamnati ya cika awa 75 na hidimar al'umma kafin a ba shi shaidar kammala sakandare. Wasunmu sai yaro ya shiga ajin ƙarshe suke jin labari, a shiga fafutukar neman inda za a cike awoyi cikin wata biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne, 'ya'yanmu suna aikin. Da azumin bana wa ya ɗauki kwalayen abinci ya kai gidajen da ba su da hali? Wa yake zama da ƙannen wasu ranar Asabar yana koya musu lissafi? Yarinyar da take raka tsohuwa asibiti tana yi mata tafinta tsakaninta da likita, me ake kiran wannan in ba hidima ba? Mu da muka taso muna fita gayya, a nome gonar wanda ya kwanta ciwo a watse ba wanda ya rubuta suna, muna jin nauyin a ce mun ƙirga alheri. Na fahimci wannan sarai, kuma lada na wurin Allah. Sai dai ƙasar nan da takarda take aiki. Aikin da ba kwanan wata, ba adadin awa, ba sa hannun babba, a wurin malaman nan biyar kamar ba a yi shi ba ne.

Akwai ƙa'idar da ya kamata mu sani. Makarantun gwamnati ba sa lissafa ibada ko koyar da addini a cikin awoyin nan. Karatun allo da ɗanka yake biya wa yara yana da ladansa, amma ba zai shiga fom ba. Rabon abinci ga duk mabuƙaci, tara rigunan sanyi, share unguwa, waɗannan suna shiga. Kowace gunduma da tsarinta, don haka a nemi amincewar makaranta kafin a fara.

Na san abin da ke ran iyaye mata, domin shi ne ya sa na kafa waccan dokar. Da hunturu ƙarfe biyar duhu ya yi, ga 'ya mace a waje, ba ka san da wa take ba. Tsoron yana da dalili. Abin da muka yi a gidanmu, ni da maƙwabta biyu muka raba kwanaki, kowa da ranar da zai ɗauko yaran a mota. 'Yata ta yi shekara guda tana aiki a rumbun abincin mabuƙata na unguwarmu, da ɗankwalinta, ta kan yi sallarta a ɗakin ajiya. Bara aka rantsar da ita. Ina zaune a zauren makaranta aka kunna kyandir huɗu, kowane da sunan ɗaya daga cikin ginshiƙan nan, aka kira sunanta, sunan mahaifina a ƙarshensa. Sai da na sunkuyar da kai na share ido.

Saura jagoranci, kuma wannan yana hannunmu. Shekara nawa muna taro, aikin yaranmu bai wuce jera kujeru da kwashe faranti ba? Ranka ya daɗe, roƙona ga shugabanni shi ne a kafa kwamitin matasa, su zaɓi shugabansu da ma'ajinsu, a damƙa musu rabon abincin azumi mai zuwa gaba ɗaya, da kuɗinsa da lissafinsa. Za su yi kuskure, mu gyara musu a gefe ba a gaban jama'a ba. A kuma naɗa babba ɗaya da zai riƙe littafin awoyi ya riƙa sa hannu, ya je ofishin makarantun gunduma ya nemi a saka ƙungiyarmu cikin wuraren da aka amince da su. In ba wanda ya karɓa, ni na karɓa.

Ku kuma na bayan nan, na ajiye takarda a teburin bakin ƙofa. Kowa ya rubuta sunansa da ajinsa da makarantarsa kafin a fara rabon tuwo.

Na gode. Wassalamu alaikum.