Alƙalin Da Ya Kori Ƙararka, Shi Za Ka Fara Roƙa

A Amurka, idan kotun tarayya ta ɗaure mutum, ya ɗaukaka ƙara ya faɗi, akwai sauran ƙofa ɗaya. Sunanta Sashe na 2255, doka ce ta tun 1948. Fursuna zai koma kotun da ta ɗaure shi, ya ce an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya ba shi. Mafi yawanci kukan shi ne lauyansa bai yi aikin da ya kamata ba.

To, idan alƙali ya yi watsi da wannan koken fa? Nan ne gizo ke saƙar. Ba a wucewa kotun gaba kai tsaye, sai da takardar izinin ɗaukaka ƙara. Kuma wanda zai fara cewa a ba ka ko a hana ka, shi ne dai alƙalin da ya kori ƙarar. Ku duba fa, ana so mutum ya sa hannu cewa mai yiwuwa ya yi kuskure! In ya ƙi, sai ka roƙi kotun ɗaukaka ƙara, cikin kwana 60 da yanke hukuncin ka shigar da sanarwar ɗaukaka ƙara. Galibi kuma babu lauyan kyauta a wannan mataki, fursuna da kansa yake rubutawa.

Wannan tsari ya fito ne daga dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a Afrilun 1996, shekara guda bayan harin bam na Oklahoma da ya kashe mutum 168. Ita ce kuma ta ƙayyade wa fursuna shekara ɗaya tak ya shigar da koken.

Me ake so ka nuna kafin a ba ka takardar izinin? A shekarar 2000 Kotun Ƙoli ta fayyace: ba sai ka tabbatar za ka yi nasara ba. Ya isa a ce alƙalai masu hankali za su iya saɓani a kan hukuncin. A takarda, sharaɗin da sauƙi.

Ga labarin Gregory Welch na jihar Fulorida. A 2010 ya amsa laifin mallakar bindiga alhali yana da tarihin manyan laifuka. Da shekara 10 ce iyakar ɗaurinsa, amma wata doka ta masu maimaita laifi ta kai shi 15. Ya shigar da koke, aka kora. Ya nemi takardar izini, ya ma roƙi a dakata tukuna, domin Kotun Ƙoli na duba wannan dokar a shari'ar wani mai suna Johnson. Aka hana shi. Ko mako uku ba a yi ba, a Yunin 2015, Kotun Ƙoli ta soke wani sashe na dokar, ta ce ba shi da ma'ana bayyananniya.

Welch, ba tare da lauya ba, ya rubuta wa Kotun Ƙoli. A Afrilun 2016, alƙalai bakwai suka goyi bayansa, ɗaya ya ƙi. Suka ce hukuncin Johnson ya shafi har waɗanda aka daɗe da ɗaurewa. Dubban fursunoni suka bi ta wannan kafa.

Shi Welch kuwa, ba sakinsa aka yi ba. An mayar da shari'arsa kotun ƙasa ne, a sake dubawa.