Yadda Ake Tsara Silaid da Gabatar da Jawabi Ba Tare da Jama'a Sun Yi Gyangyaɗi Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa zama a ɗakin taro ya san wannan yanayin. An rage fitilu, majigi ya haska bango, mai jawabi ya juya wa jama'a ƙeya yana karanto abin da ke allo kalma bayan kalma. Kafin ya kai layi na uku, mutanen ɗakin sun riga sun karance shafin kaf, domin ido ya fi baki sauri. Daga nan sai wayoyi su fara fitowa daga aljihu, na baya kuma su fara hamma.

Yau a kan wannan za mu yi magana. Ko kai ɗalibi ne da zai tsaya gaban malamai ranar difens, wato ranar kare kundin bincikensa, ko ma'aikaciya ce da za ta gabatar da rahoto a ofis, ko ɗan kasuwa mai neman wanda zai zuba jari, matsalar ɗaya ce: yawancinmu muna loda wa silaid, wato shafin da ake haskawa a allo, aikin da na baki ne.

Mu fara daga farko, kuma farkon ba ya cikin kwamfuta. Rufe ta tukuna. Ɗauko takarda da biro, ka rubuta jimla ɗaya tak: idan mutanen nan suka fita suka manta komai, mene ne abu ɗaya da kake so ya zauna musu a kai? Idan ka kasa rubuta wannan jimlar, to ba ka shirya ba, ko da kana da silaid hamsin. Jami'ar Queensland da ke Ostareliya ta ƙirƙiro wata gasa a 2008, inda ɗalibin digirin digirgir zai bayyana binciken da ya shafe shekaru yana yi cikin minti uku, da silaid guda ɗaya wanda ba ya motsi. Yanzu jami'o'i da dama a duniya suna yin ta. In har binciken dakta zai shiga minti uku, naka ma zai shiga minti goma sha biyar ɗin da aka ba ka.

Sai ka tambayi kanka su waye za su zauna a gabanka. Malamin da ya zo daga wata jami'a don ya jarraba ka ya riga ya karanta kundinka, ba ya buƙatar ka sake ba shi tarihin fannin tun daga tushe. Abin da yake jira ya ji shi ne: wace tambaya ka yi, ta yaya ka bi ka nemo amsa, me ka samu. Amma kullum sai ka ga ɗalibi ya ƙone minti goma a gabatarwa da bitar abin da wasu suka rubuta, ya iso sakamakon bincikensa a daidai lokacin da shugaban zama ke ƙwanƙwasa tebur yana cewa saura minti biyu. Abin da ya sha wahala a kansa shi ne wanda zai bi a guje.

Yanzu ka buɗe kwamfutar. PowerPoint ne, ko Google Slides, ko Canva, duk ba shi ne abin damuwa ba. Abin da ya fi komai muhimmanci a kowane silaid shi ne layin da ke sama. Mutane sun saba rubuta "Sakamako" ko "Babi na Huɗu" a wurin. Wannan bai faɗa wa kowa komai ba. Rubuta cikakkiyar magana. Maimakon "Halartar Makaranta", rubuta "Yara sun fi fashin makaranta a ranar kasuwa", sannan ka sa zane ko hoton da zai tabbatar da hakan a ƙasa. Wanda ya ɗago kai ya karanta layin nan kawai ya riga ya samu saƙonka.

Kada ku ɗauka wannan maganar ado ce kawai. Ga wani misali mai nauyi.

Ranar 16 ga Janairun 2003, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba kumbon Columbia ɗauke da 'yan sama jannati bakwai. Kimanin daƙiƙa 82 da tashi, wani ɓallin soso daga jikin tankin mai ya fizge ya daki fiffiken hagu. Yayin da kumbon ke can sama, injiniyoyin kamfanin Boeing suka nazarci lamarin, suka gabatar wa manyan hukumar bayaninsu da silaid. A ɗaya daga cikin shafukan, layin sama yana ɗauke da magana mai kwantar da hankali. Ƙarƙashinsa layuka ne cunkushe, wani cikin wani, manya da ƙanana. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka sa alƙaluman da ke nuna cewa ɓallin da ya daki kumbon ya ninka girman wanda aka yi gwaji da shi har sau 640. Ma'ana, gwajin da ake dogaro da shi bai ma kusanci abin da ya faru ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a sararin jihar Teksas yana hanyar dawowa, duka bakwai ɗin suka rasu.

Ba silaid ne ya fasa fiffiken ba, kuma kwamitin da ya binciki haɗarin ya gano matsaloli masu zurfi a yadda hukumar ke yanke shawara. Amma a rahotonsa na watan Agustan shekarar, kwamitin ya kawo nazarin da masanin tsara bayanai Edward Tufte ya yi wa wannan shafin, ya kuma nuna cewa babban jami'i zai iya karanta shi bai fahimci ana maganar rai da mutuwa ba. Bayanin yana nan a rubuce. An dai binne shi ne a inda ido ba ya fara sauka.

To mu koma kan naka silaid ɗin. Ka ɗauke shi kamar allon da ke gefen titi: direba yana gudu zai kalle shi sau ɗaya, ya gane, ya mayar da ido kan hanya. Idan sai mutum ya tsaya ya yi nazari kafin ya gane shafinka, to a lokacin ya daina sauraronka. Masanin halayyar ɗan Adam Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya daɗe yana gwaji a kan haka, kuma abin da ya yi ta samu shi ne: mutane sun fi fahimta idan suna kallon hoto suna jin bayani da kunne, fiye da idan aka haɗa musu hoton, da bayanin, da kuma rubutun bayanin kalma da kalma a allo. Karatu da sauraro suna gogayya ne a kan hanya ɗaya a cikin ƙwaƙwalwa. Saboda haka magana ɗaya a kowane shafi. Idan kana da magana biyu, yi shafi biyu, ba a biyan kuɗin shafi.

Girman rubutu fa? Guy Kawasaki, wanda ya taɓa aiki da kamfanin Apple, yana da wata ƙa'ida da ya yi wa masu neman jari: silaid 10, minti 20, kuma kada rubutu ya gaza lamba 30. Biyun farko ba lallai su dace da kowane taro ba, amma na ukun ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Amfanin babban rubutu ba wai na baya ya gani ba ne kaɗai. Idan ka ƙara girman haruffa, dole wuri ya yi maka kaɗan, dole ka zubar da surutu ka bar tsaba.

Launi kuma, a taƙaice: duhu a kan fari, ko fari a kan duhu. Yawancin ɗakunan taronmu rana tana shigowa ta taga, ga majigin ya tsufa haskensa ya dushe, don haka baƙin rubutu a kan farin shafi ya fi aminci. Rawaya a kan fari ɓacewa take yi. Kada ka bambance abu biyu da ja da kore kawai, akwai mutane da yawa, musamman maza, da idonsu ba ya rarrabe waɗannan launukan sosai. Su kuma haruffan nan masu shigowa suna juyi, suna tsalle, suna ƙara, don Allah a bar su.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne jadawali. Ɗalibi zai kwafo teburin alƙaluma daga kundinsa, layi ashirin da ginshiƙi takwas, ya manna, sannan ya ce "kamar yadda kuke gani". Babu wanda yake gani. Zaɓo lambobi biyu ko uku da maganarka ta rataya a kansu, ka mayar da su zanen sanduna, ka ba sandar da kake nufi launi mai ƙarfi, sauran ka bar su toka-toka. Cikakken teburin ka ajiye shi, za mu dawo kansa.

Ga wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Ba kowane salon haruffa ne yake da ɓ da ɗ da ƙ ba. Kana iya tsara komai tsaf a kwamfutarka, ka sa filas a ta ɗakin taro, sai ka ga ƙananan akwatuna a inda haruffa masu ƙugiya suke, ko kuma su fito da wata siffa daban da sauran. Maganin wannan da ma wasu matsalolin shi ne ka adana kwafi guda a matsayin PDF. Shi ba ya canza kamanni duk inda aka buɗe shi.

An gama tsarawa, saura atisaye, wanda shi ne abin da kowa ke tsallakewa. Karantawa a zuci ba atisaye ba ne. Miƙe tsaye, ɗaga murya, kunna agogon waya. Sai ka furta magana da baki za ka ji inda harshe ke sarƙewa da inda ka rasa gadar da za ta kai ka shafi na gaba. Idan minti goma sha biyar aka ba ka, shirya na goma sha biyu. Ka sami ƙanwarka ko abokin da ba fanninku ɗaya ba ya saurare ka, in ka gama ka ce ya faɗa maka abin da ya fahimta. Idan abin da ya faɗa bai yi kama da jimlar nan da ka rubuta a takarda ba, akwai sauran gyara.

Ranar taro ka riga kowa zuwa. Duba ko majigin mai bakin HDMI ne ko tsohon VGA, ka zo da mahaɗinka. Sa fayil ɗin a filas, ka tura wa kanka ta imel, ka bar kwafi a waya, ka kuma buga shafukan a takarda. Wuta tana iya ɗaukewa, kafin a tayar da janareta majigi ya sake dumi an ci minti biyar. Kada ka tsaya kana kallon bango kana jira. Ci gaba da magana. Ko a ranar 9 ga Janairun 2007, lokacin da Steve Jobs ke gabatar da iPhone na farko a San Faransisko, na'urar canza silaid ta ƙi aiki ana tsaka da jawabi. Bai daburce ba, sai ya shiga ba jama'a labarin ƙuruciyarsa da abokinsa Steve Wozniak har aka gyara.

Batun gaisuwa. Mu mutane ne masu girmama manya, kuma ba za ka hau magana ba sallama ba. Yi sallama, gai da shugaban zama da malamai da sauran mahalarta a jimla ɗaya ko biyu, ka shiga aiki. Jero sarautu da muƙaman kowa ɗaya bayan ɗaya aikin mai gabatar da taro ne, ba daga cikin mintunanka ya kamata ya fita ba. Kada kuma ka buɗe da ban haƙuri, cewa ba ka samu lokaci ba ko muryarka ta dishe. Wanda bai lura ba ka sa ya lura.

Fuskanci jama'a, ka bar allo a gefenka. Idan kallon idon manya yana yi maka nauyi, wanda ba abin mamaki ba ne ga tarbiyyarmu, zaɓi fuskoki uku, dama da tsakiya da hagu, ka riƙa kai ido kansu bi da bi. PowerPoint yana da tsarin da zai nuna maka 'yan bayananka da shafi na gaba a kan kwamfutarka, jama'a kuma silaid kawai suke gani. Akwai kuma wata dabara da mutane da yawa ba su sani ba: kana cikin nuna silaid, danna harafin B, allon zai yi baƙi. Nan take idanu za su dawo kanka. Yi amfani da ita idan ka zo maganar da kake so a ji da kyau, sake dannawa shafin ya dawo. Idan ka faɗi lamba mai muhimmanci, yi shiru na daƙiƙa biyu. A wurinka zai yi kamar shekara, a wurinsu kuwa lokacin da maganar ke shiga ke nan.

Shafin ƙarshe shi ne zai fi daɗewa a bango, domin yana nan duk tsawon lokacin tambayoyi. Abin takaici, shi ne muke ɓatawa da "Na gode" da hoton fure. Godiya da baki ake yi. Sa manyan abubuwa uku da ka gano a wurin, su zauna gaban masu tambaya.

Idan aka yi tambaya, bari mai ita ya kai aya, ka maimaita ta a taƙaice don na baya su ji, kai ma ka samu sararin tunani. Wadda ba ka san amsarta ba, ka ce, "Malam, bincikena bai kai nan ba, amma ga abin da na samu a kusa da shi." Malamai suna gane kame-kame tun daga jimlar farko. Cikakken teburin nan da muka ce a ajiye, da takardar tambayoyin da ka raba, da taswirar yankin da ka yi aiki, duk ka jera su a bayan shafin ƙarshe, ka rubuta lambar kowanne a 'yar takarda a gabanka. Idan aka ce ina wannan adadin ya fito, buga lambar shafin ka danna Enter, PowerPoint zai kai ka can kai tsaye.

Sai mun haɗu a bidiyo na gaba, ku huta lafiya.