Hallstatt da tafkunan Ostiriya: abin kallon yana cikin dutse

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan hoton da kuke gani, coci mai dogon tsini a bakin ruwa da gidajen katako sun hau kan juna a jikin dutse, na san da yawanku kun taɓa cin karo da shi a Facebook ko a fuskar wayar wani. Sunan garin Hallstatt, a ƙasar Ostiriya yake, yankin tafkuna da ake kira Salzkammergut cikin duwatsun Alps. Mutanen garin ba su kai 800 ba amma lokacin zafi akwai ranar da baƙi ke kai 10,000, da yawansu su sauko daga bas su ɗau hoto a wuri ɗaya su sha ayis kirim, kafin awa biyu sun kama gabansu. Abin yana damuna gaskiya, don abinda ya sa aka kafa garin tun farko yana can sama ne kuma ba su hau sun gani ba.

Ku duba wurin da kyau. Ba filin noma, gaba ruwa baya dutse, har wajen ƙarshen ƙarni na 19 in ba ta kwalekwale ko 'yar siririyar hanyar ƙafa ba, ba ka isa garin. To me ya zaunar da mutane a nan? Gishiri ne. Shekara wajen 7,000 kenan ana cirar gishiri a wannan dutsen kuma har yau ba a daina ba. Duk wanda ya san abinda gishirin Bilma ya yi wa fatake da ayarin raƙuma ba sai an masa dogon bayani ba, zamanin da babu firji mai gishiri shi ne mai kuɗi.

In ka hau sama za a ba ka kayan ma'aikata ka ɗora kan naka, ka shiga rami, sanyin ciki wajen digiri 8 ne rani da damina don haka a tafi da rigar sanyi. Akwai katakon da masu haƙa ke sulɓewa a kai daga wani hawa zuwa na ƙasa, kai ma za ka zauna ka sulɓe, yara na son wannan sosai. Amma abinda ya fi tsaya min shi ne matakalar katako da aka gano a 2002, shekarunta sun haura 3,000, ita ce mafi tsufa da aka sani a Turai, kuma tana nan cikin ramin ana nuna ta. Ya aka yi ba ta ruɓe ba? Gishirin ne dai. Shi ya riƙe takalman fata, da jakunkunan goyon gishiri, da ƙyallen tufafi har launinsu na nan, kai har bayan gidan masu haƙar ya tsira, masana suka auna suka gano abincinsu sha'ir ne da wake da wani irin gero. A 1734 ma gawar mutum sukutum aka tono da kayansa a jiki, mutanen lokacin suka binne shi, yau da yana nan da an koyi abubuwa da yawa.

Sai ka sauko cikin gari ka shiga gidan tarihin Hallstatt, kuma don Allah kar a tsallake shi. A 1846 wani shugaban ma'aikatan gishirin mai suna Johann Georg Ramsauer ya ci karo da tsohuwar maƙabarta a saman dutsen, ya yi ta tono har 1863, kaburbura 980. Abinda ya sa nake girmama mutumin nan shi ne bai kwashe kaya ya sayar ya wuce ba, kowane kabari sai da ya sa aka zana shi da fenti yadda aka same shi, ga inda takobi yake, ga inda tukunya take, a lokacin da wasu ke tono kamar masu neman zinariya kawai. Kayan da aka samu akwai takubban ƙarfe, kwanukan tagulla, duwatsun ado da aka kawo tun daga tekun Baltic, har da hauren giwa, wato wannan lungun da kuke gani yana ciniki da ƙasashe masu nisa tun kafin Rum ta zama wani abu. Shi ya sa masana suka ɗauki sunan garin suka laƙaba wa zamani guda a tarihin Turai, farkon zamanin ƙarfe, daga wajen shekara 800 zuwa 450 kafin haihuwar Annabi Isa alaihis salam. Wasu kayan an kai su babban gidan tarihi na Vienna, amma na nan ma sun isa ka yi awa biyu.

Kusa da cocin Katolika akwai wani ɗan ɗaki da aka jera ƙoƙon kan mutane wajen 1,200, kusan rabi an rubuta musu suna an zana furanni. A wajenmu abin zai yi nauyi, kuma ba dole ba ne ka shiga. Dalilinsu ƙarancin ƙasa ne, maƙabartar 'yar ƙarama ce, bayan wasu shekaru sai a tono ƙasusuwa a ba wani wuri. Na ƙarshe an saka shi a 1995. In ka shiga ka tuna iyayen wasu ne da kakanninsu, ba wurin dariya da ɗaukar hoton kai ba ne.

Yanzu mu bi gishirin mu ga inda ya je. Dafa ruwan gishiri yana cin itace ba kaɗan ba, da itace ya yi ƙaranci a Hallstatt sai suka rarake gungumen bishiya wajen 13,000 suka jona su suka yi bututu mai tsawon kilomita 40 da ke kai ruwan gishirin garin Ebensee a dafa shi a can, an fara a 1595 an gama a 1607. A tsakanin garuruwan biyu Bad Ischl take, inda sarkin Ostiriya Franz Joseph ke zuwa hutun bazara kusan duk rayuwarsa. Gidansa Kaiservilla a buɗe yake ga baƙi, za ka ga teburin da ya sa hannu a takardar shelar yaƙi da Sabiya a watan Yulin 1914, daga nan yaƙin duniya na ɗaya ya ɓarke.

Ebensee kuma ita ce wurin da bas ɗin 'yan yawon buɗe ido ba su cika tsayawa ba, ni kuwa ina ganin ya kamata a tsaya. Daga 1943 zuwa 1945 'yan Nazi sun kafa sansani a nan, reshen babban sansaninsu na fursunoni da ke Mauthausen, suka tilasta wa fursunoni fasa manyan ramuka a cikin dutse don ɓoye masana'antar makamai daga bama-bamai, mutum sama da 8,000 suka mutu da yunwa da sanyi da duka kafin sojojin Amurka su iso ranar 6 ga Mayu 1945. An mayar da ɗaya daga cikin ramukan wurin tunawa, akwai kuma gidan tarihi a cikin gari da ke bayanin yadda abin ya faru. Jirgin ƙasa ɗaya ne ke bi ta Hallstatt da Bad Ischl da Ebensee, tashar Hallstatt ɗin tana tsallaken tafki sai ka shiga ɗan jirgin ruwa ka ƙetaro, kwana biyu sun ishe ka ka ga duka ukun, sai dai ka duba intanet kafin ka taso don wasu wuraren suna rufewa lokacin hunturu.