Rufin Faiba Ya Fara Yoyo, Me Za a Liƙa?

Nura: Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Tun ruwan daren Talata wayata ba ta huta ba, duk a kan motar nan mai ɗaki a ciki da wani mutuminmu ya sayo daga Kwatano.

Sadiya: Volkswagen ɗin nan da ake ɗaga rufinta?

Nura: Ita fa. Ya kwance kariyar ɗora kaya da ke sama, ramukan noti huɗu suka rage, ruwa ya jiƙa katifa sharkaf.

Malam Habu: Kuma na san me ya yi. Silikon ya matsa.

Nura: Wallahi shi ya matsa, Malam.

Malam Habu: To ya ƙara wa kansa aiki. Wannan rufin ba ƙarfe ba ne, faiba ce, zaren gilashi da aka jiƙa da wani ruwan gam da ake kira resin ya daskare. Silikon zai riƙe na ɗan lokaci, rana ta dake shi ya saki baki. Abin da ya fi ɓata min rai, duk inda ya taɓa, ko fenti ba ya kamawa sai an kankare wurin tas.

Sadiya: Malam, ni fa a gidanmu kwano na yoyo, soson nan fari na kwalin talabijin ake jefawa cikin fetur, ya narke ya zama gam.

Nura: Kai, Yaya Sadiya kin tuna min! Mu har da tsumma da kwalta. Kakata kuwa ba ta yarda da kowa ba sai roba, a tara a ƙarƙashi.

Sadiya: Roba uku a ɗaki ɗaya, kowacce da nata sautin.

Nura: Ta tsakiya ita ce mai kiɗan kalangu! In ta cika kuma a tashe ka cikin dare ka zubar.

Sadiya: Kullum ƙaramin gida ake tasa.

Malam Habu: Ku tsaya, sosonku ma ya shigo maganar. Resin ɗin foliyesta, wanda ake gyaran faiba da shi, yana cinye irin wannan soson kamar yadda fetur ke yi. In akwai shi a cikin rufin don tare zafi, a kula. Yanzu ga yadda ake yi. A bar wurin ya bushe ƙarau, don faiba mai laima ba ta karɓar gyara. A goge kewayen ramin da samfefa mai lamba 80, a ɗan faɗaɗa bakinsa ya zama kamar mazurari, saboda maganin ya samu wurin zama. A share da asiton, ruwan nan mai goge maiƙo. Ta ciki a manna salatif don kada ya zube kan katifa. Sannan a kwaɓa ifoksi da ɗan yankakken zaren gilashi, ya yi kauri kamar tuwo, a cusa.

Nura: Ifoksi, wato irin Araldite?

Malam Habu: Danginsa ne. Na ramin noti zai yi, amma a nemi mai jinkirin bushewa, ba na minti 5 ba. Ya fi foliyesta kama tsohuwar faiba nesa ba kusa ba. Sai dai rana na lalata shi, dole a yi fenti a kai.

Sadiya: In ramin ya kai girman kwabo fa?

Malam Habu: Nan cusawa ba ta isa ba, ƙanwata. Sai an shimfiɗa ƙyallen faiba hawa biyu ko uku, kowanne a jiƙa shi, a danne kumfar iska ta fita. Mai amfani da foliyesta kuma, ruwan da ke daskarar da shi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai. A zafinmu na nan, ka zuba da yawa, kafin ka ɗauko buroshi ya daskare a kofi, har zafi yake yi. Shi ya sa nake cewa a yi da sassafe, a inuwa. Kuma a kare ido da hanci, ruwan nan in ya shiga ido ba wasa ba ne, ƙurar kuma ƙaiƙayi.

Nura: Wani mai sauraro ya ce a kai wa fanalbita ya shafa fila, abin cike lotsawar mota, kawai.

Malam Habu: A'a! Fila tana shan ruwa, rufin kuma motsi yake a hanya, za ta tsage. In tsagewa ce ma ba rami ba, sai an huda ɗan ƙaramin rami a kowane ƙarshenta don kada ta ci gaba, sannan...

Sadiya: Malam, an kira la'asar fa, kuma ba mu taɓo maganar robar tagogi ba.

Nura: Sai mako mai zuwa. Mutuminmu, ka fara kankare silikon ɗin nan tukuna. Mu kwana lafiya.

Malam Habu: Kuma kada ya zuba ruwan gwaji sai bayan kwana ɗaya!