"Ten to five": ƙarfe nawa ke nan?

[Hoto: agogon bango, dogon hannu a kan 10, gajeren ya kusa taɓa 5.]

Jama'a assalamu alaikum. Ten to five. Ƙarfe nawa ke nan? Kwana biyun nan tambayar ta hana masu koyon Turanci sakat a WhatsApp. Wasu sun rantse goma da minti biyar ne. Wasu suka ce ina, biyar da minti goma. Wasu kuma suka ce ai daga goma zuwa biyar ake nufi. To ga agogon nan kuna gani: biyar saura minti goma. A wayarka 4:50 za ka gani. Su na ukun nan kada a yi musu dariya tukuna, suna da 'yar gaskiyarsu, za mu dawo kansu.

Bari mu kawar da masu sauƙin da gudu.

[Hoto: layin masu gyaran agogo a kasuwar Sabon Gari, ana juya hannun wani agogo da yatsa.]

Dogon hannu a kan 12, sai ka ce o'clock. Five o'clock, biyar daidai. Idan ya gota, past: ten past five, biyar da minti goma. Quarter past five, biyar da kwata, kwatan nan dai da ka sani. Half past five, biyar da rabi. Shi ke nan, an wuce wurin.

Daga inda dogon hannu ya wuce 6 ya fara hawa ta hagu, nan ake kashe boss. Kuma abin haushin, mu Hausawa mun fi kowa cancantar gane wannan lissafi, domin kullum da shi muke magana. Wa ya taɓa jin an ce "ƙarfe huɗu da minti hamsin" a bakin Kantin Kwari? Biyar saura goma ake cewa. Ka ambaci awar da ba ta yi ba tukuna, ka faɗi abin da ya rage a kai gare ta. Bature ma haka yake yi sak. Jeren ne kawai ya sha bamban: mu awa muke fara faɗa, shi kuwa minti yake sawa a gaba, awa ta zo a ƙarshe.

To kunnenka ya saba lambar farko ita ce awa. Da ka ji ten, sai ƙwaƙwalwa ta buga tambari: ƙarfe goma. Kafin five ta iso, ka riga ka yanke hukunci.

[Hoto: kalmomin uku a kan allo, kibiya tana tafiya daga dama zuwa hagu.]

Maganin, ka karanta shi daga dama zuwa hagu kamar yadda aka koya mana a makarantar allo. Fara daga ƙarshe. Five, biyar. To, saura. Ten, goma. Biyar saura goma. Ba lissafi, ba cire sittin, ba komai.

Mu ƙara. Twenty to nine. Kada ka yi gaggawa, bari ya dire maganarsa. Nine, tara. Saura ashirin. Tara saura minti ashirin. Yanzu dubi fuskar wayar nan.

[Hoto: waya a hannun wani matashi a kasuwar Farm Centre, tana nuna 8:40.]

8:40. Ina tara a nan? Babu. Ina ashirin? Babu. Wannan ne ya sa yaran da suka tashi da agogon waya suka fi shan wahala a nan. Dattijon da ke gyaran agogo a Sabon Gari, da ya kalli hannun nan ya san saura ashirin, don idonsa tazarar da ta rage yake aunawa. Ɗan zamani kuwa lamba yake karantawa, lambar kuma ba ta faɗa masa abin da ya saura.

Quarter to three. Uku saura kwata, 2:45. Five to seven. Bakwai saura biyar, 6:55. Ga wadda ke kayar da mutane da yawa: five to ten da ten to five. Kalmomi iri ɗaya, an juya su kawai. Ta farko goma saura biyar, 9:55. Ta biyu biyar saura goma, 4:50. Tsakaninsu kusan awa bakwai. Wanda aka ce ya zo ganawar neman aiki five to ten ya iso bayan La'asar, to sai dai ya gaisa da mai gadi.

Sai twenty to one. Ɗaya saura ashirin. Idan ka je rubutawa, awar da ke zuwa kafin ɗaya ita ce 12, saboda haka 12:40 za ka rubuta. Na ga masu rubuta 1:40, an tafi da awa guda cur.

Akwai kuma matsalar kunne. A littafi to take, tsaf. A bakin ɗan Ingila kuwa idan yana sauri, sai ta ƙanƙance ta koma kamar "ta", har ka ɗauka ba a faɗe ta ba. Idan kuma an ja ta, sai ta yi sauti ɗaya da two, lambar biyu. Shi ya sa malaman Turanci ke tsokanar ɗalibai da two to two: biyu saura minti biyu, 1:58. Faɗi sau uku da sauri mu ji. A magana ta yau da kullum dai, idan mintin bai faɗo a kan biyar-biyar ba, sukan saka minutes: two minutes to two. Masu shirin jarrabawar Turanci ta IELTS, a kula, a sashen sauraro ana son irin wannan tarko.

[Hoto: ƙofar wani ofis, da takardar lokutan aiki a manne.]

Yanzu ga 'yan "daga goma zuwa biyar". Idan ka ga an rubuta open ten to five a ƙofar ofis ko asibiti, su ne da gaskiya: ana buɗewa goma, a tashi biyar. Yaya za ka bambanta? Kalmar da ta gabata za ka duba. At ten to five, lokaci ɗaya ne, biyar saura goma. From ten to five, ko aka haɗa da open ko work, tsawon lokaci ne. Idan saƙo ya zo tsirara ba at ba from, ni dai shawarata ka tambaya. Do you mean four fifty? Babu wanda zai ce ka yi ƙauyanci.

Wannan four fifty ɗin ma ita ce hanyar da nake ba kowa shawara ya riƙa bi in shi ne mai magana. Karanta lambar yadda take a waya: four fifty, eight forty, six oh five idan akwai sifili a tsakiya. Turanci ne ingantacce, a Amurka ma ita aka fi ji. Amma ka ja wutsiyar fifteen sosai, in ba haka ba ta koma fifty, ka ce huɗu da kwata a ji biyar saura goma. Sai dai bakinka kaɗai kake da iko da shi. Wanda ke ɗaya gefen wayar zai iya jefo maka to ɗinsa ko da yaushe, dole kunne ya san ta.

Wani ɗan gutsure: ɗan Ingila yakan haɗiye past ya ce half five, biyar da rabi yake nufi. Bajamushe kuwa idan ya faɗi irin wannan da harshensa, huɗu da rabi yake nufi, don shi rabin hanya zuwa biyar yake ƙirgawa. Masu neman karatu a Jamus, kun ji.

[Hoto: allon tashin jirage a filin jirgin Malam Aminu Kano.]

A.m. da p.m. a taƙaice: daga Latin suke, kafin rana ta take tsaka, da bayan ta gota. Asuba da hantsi a.m., Azahar har Isha'i p.m. Sha biyun rana 12 p.m., sha biyun dare 12 a.m. Tikitin jirgi yawanci ba ya wannan wasan, agogon awa 24 yake bi, 16:50 za ka gani. Idan kuma aka rubuta 00:30 ranar Juma'a, ranar Alhamis da dare za ka bar gida, abin da iyayenmu ke kira daren Juma'a. Wanda ya bari sai ya sauko daga masallacin Juma'a sannan ya fara haɗa jaka, jirgi ya daɗe da sauka a Jidda.

Mu a Kano da "bayan La'asar" muke ɗaura alkawari, kuma kowa ya san tana iya kaiwa gab da Magariba ba wanda zai yi fushi. Ten to five ba ta da wannan sassaucin.

[Hoto: agogo uku a jere, ba lamba a ƙasansu.]

Ga uku, ka dakatar da bidiyon ka gwada. Quarter to eight. Five to twelve. Twenty-five to one. Daga dama zuwa hagu.

Ta farko takwas saura kwata, 7:45. Ta biyu sha biyu saura biyar, 11:55. Ta uku ɗaya saura minti ashirin da biyar, 12:35.