Darasi: Gasar Intel da AMD da Farashin Kwamfutar da Kake Saya

Assalamu alaikum masu sauraro, musamman matasanmu na Ringim, Taura da Gujungu da ke tara kuɗin girbi domin sayen kwamfutar hannu. Darasinmu na yau ya shafi furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa duk aikin kwamfuta.

Kamfanoni biyu na Amurka ne suka daɗe suna riƙe da wannan kasuwa: Intel, wanda aka kafa a 1968, da AMD, wanda ya biyo baya a 1969. Intel ke da kaso mafi tsoka har yau, kuma akwai lokacin da aka zarge shi da ba masu ƙera kwamfuta rangwame bisa sharaɗin su kauce wa kayan abokin hamayyarsa, har a 2009 ya biya AMD dala biliyan 1.25 domin a sasanta. Duk wanda ya taɓa kai ridi kasuwa ya tarar da dillali ɗaya tilo, ya san yadda farashi ke kasancewa idan babu mai tayawa.

Lamarin ya sauya a 2017, lokacin da AMD, ƙarƙashin jagorancin Lisa Su, ya fito da sabon furosesa mai suna Ryzen. Samfurin Ryzen 7 1800X yana da cibiyoyin aiki 8, tamkar ma'aikata takwas a gona ɗaya, kuma aka sa masa dala 499, alhali takwaransa na Intel ya haura dala 1,000. Kafin shekarar ta ƙare, Intel ya ƙara yawan cibiyoyin da ke cikin nasa ba tare da ya ninka farashi ba.

A nan ne nake so ku buɗe kunne sosai, domin yawancinmu kwamfuta 'yar gwanjo muke saya a Farm Centre da ke Kano, kuma ribar wannan gasa sai bayan shekaru take isowa gare mu. Mai shago zai nuna maka tambarin Core i5, wato furosesan Intel, amma sunan kaɗai bai wadatar ba. Ka tambayi zubin, wato karo na nawa ne a jerin sabunta furosesan da Intel ke yi. Samfurin i5-7200U, zubi na 7, cibiyoyi 2 gare shi, shi kuwa i5-8250U, zubi na 8, yana da 4. Lambar farko bayan layin ita ce zubin (daga zubi na 10 kuwa, lambobi biyu na farko ne), kuma kana iya duba ta da kanka a bayanan na'urar kafin ka miƙa kuɗi. Yana damuna in ga ɗalibi ya sayar da buhunan gero ya sayo zubi na 6 a farashin na 8, ga shi kuma babbar manhajar Windows 11 daga zubi na 8 zuwa sama take aiki a hukumance.

Idan kuma an miƙo maka mai ɗauke da Ryzen 5, kada ka mayar da ita don baƙon suna. Ka kunna ta, ka cire caja, ka ga tsawon lokacin da batirin zai riƙe, tunda da sola ko janareton mai caji za ka dogara, sannan ka taya.